Fatar Maraƙi a Gidan Rediyo

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba. Innata takan ce ranar da aka yi rabonsa na tafi rijiya, kuma duk wanda ya yi aiki da ni a ƙaramin gidan rediyonmu na Filinge zai ce ta yi gaskiya. To a daminar da zan ba da labari, wani ɗan ƙarfe da bai fi ɗan yatsana ba ya rufe mana baki har kwana biyar, ya kuma kusa jawo wa wani dattijo asarar saniyar da ba tasa ba.

Bari in fara da yadda gidan yake. Ɗakin da muke magana yana cikin gari, anteni kuwa yana can bisa dutsi. A da wayar jan ƙarfe ce ta haɗa su, kowace damina sai tsawa ta biyo ta ta ƙona mana kaya. Sai wasu masu furoje, wato ma'aikatan wani shirin tallafi, suka zo, suka sa aka haƙa rami tun daga ƙofarmu har gindin anteni, aka binne wata waya da suke kira fibur. Ranar da teknisiyansu ya fere bakinta ya nuna mini cikinta, na ɗauka zolayata yake yi. Zaren gilashi ne, gashin wutsiyar doki ma ya fi shi kauri. Ya ce duk abin da na faɗa a mikro haske zai zama, ya bi cikin zaren nan ta ƙarƙashin gonakin mutane, ya hau dutsi kafin in rufe baki. Na ce la'ilaha illallahu! Har yau in na bi hanyar dutsin nakan sassauta taku, sai in ji kamar kada in taka maganar mutane.

A kowane ƙarshen zaren suka ajiye akwati mai launin toka, mai jerin ramuka a gaba, suka ce sunansa suwic. A ɗaya daga cikin ramukan ake cusa ɗan ƙarfen da na ambata, wato modil, a bakinsa kuma ake soka zaren. Shi ne mai mayar da murya haske. In yana aiki, wata ƴar fitila koriya tana ƙyaftawa a gefensa. Da furojen ya ƙare masu shi suka yi mana sallama suka tafi. Ni kuma, don an taɓa tura ni Yamai na yi sati biyu ina koyon taɓa kayan, sai aka ƙara mini aikin teknisiya a kan nawa na karanta kominike. Da babu gara ba daɗi.

Kominike kuwa shi ne ran gidan. Waƙa kowa yana da ita a wayarsa yanzu. Abin da ke sa mutumin Tabla ko Damana ya rataya rediyo a reshe yana noma shi ne ya ji wa ya rasu, ina ake suna, kuma wa ke cigiyar dabba. Cigiyar dabba ta fi kowane gaggawa. Saniya in ta ɓace, tsere da ranar kasuwa ake yi. In ta faɗa hannun mai tsoron Allah ya ɗaure ta yana sauraron rediyo. In ta faɗa wani hannun, ranar kasuwa an loda ta a mota, shi ke nan sai labari.

Saura kwana shida kasuwa, da la'asar, aka yi wani ruwa mai tsawa da ya cika korama har ta ci hanya. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya dawo da ƙarfi, ya sake ɗaukewa. Da abubuwa suka lafa, komai ya tashi ban da ƴar fitilar nan. Washegari na kira malamina na Yamai, mutumin da ya koyar da mu a sati biyun nan. Ya sa na taɓa nan, na karanta masa can, ya ce modil ne ya ƙone, sauran kaya lafiya lau. Ya ce kada in damu, irinsa yana nan birjik a shagunan Yamai, zai sayo ya ba direban motar Filinge. Na zare mataccen na dube shi a tafin hannuna. Takaici ya kama ni, wai wannan ɗan mitsitsin ne ya mayar da mu kurame. Na fita tsakar gida na wurga shi bayan katanga, cikin hatsin maƙwabcinmu, har da rakiyar zagi.

Sabon ya iso saura kwana uku kasuwa, a naɗe cikin leda. Shi da mataccen tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, takardar da ke manne a bayansa kawai ta bambanta. Na yi bismilla na cusa shi, ya shiga ƙas kamar don ramin aka yi shi. Na soka zaren. Fitila ta kama, amma ja. A fuskar ordinatar, wato kwamfuta, wani layi ya fito da Turancin Ingilishi. Na ɗauki hotonsa na tura wa malamina. Ya kira ni, na ji muryarsa ta yi sanyi.

"Akwatin ya ce bai san shi ba," in ji shi. "Ba ɗan gidansu ba ne."

Na ce, "Malam, lalatacce suka sayar maka?"

"Lafiyarsa lau. Ba mamaki ma masana'anta ɗaya ta ƙera su. Amma a cikin kowane modil akwai wata ƴar ƙwaya da aka rubuta sunan kamfanin a cikinta. Akwatin yana fara karanta sunan. In ba na kamfanin da ya yi shi ba ne, sai ya rufe ƙofa."

Wallahi kafin fushi ya zo, tsoro ne ya fara zo mini. Ƙarfe ya san dangi! Na tsaya ina kallon akwatin da nake share wa ƙura kullum da safe, ashe duk shekarun nan yana zaune yana tantance wa ke nasa, wa ke bare. Na tambayi malamina ko ba a iya lallashinsa. Ya ce wasu akwatunan akwai umurnin da ake rubuta musu su karɓi baƙo, amma sai an shiga da kalmar sirri, kalmar kuwa ta tafi a aljihun masu furoje. Na gidan kamfanin kuma sai an yi odarsa daga ƙetare, wata biyu ko uku in Allah ya taimaka, a kan kuɗin da ya kusa na ɗan bijimi. "Kala suru," ya ce mini da Zabarmanci, wato sai haƙuri. Na ce masa ni da haƙuri ba ma ga maciji.

A ranar nan dattijon ya zo. Bafillace ne dogo, siriri, gemunsa ya yi fari, da malfa da sanda da wata tsohuwar jakar fata a kafaɗa. Ya yi sallama a ƙofa ya ƙi shigowa sai da na fito. Ya ce cigiya ya kawo. Na ɗauko littafi na ce bismilla, Baffa. Ban taɓa rubuta cigiya mai tsawon wannan ba. Jar saniya, ƙahon hagu ya ɗan sunkuya, kunnen dama a tsage sau biyu, farin tabo a ƙirji, tabon ƙaya a cinya ta baya, hantsarta cike don sabuwar haihuwa ce. In tana tafiya takan ɗan ja ƙafar dama. Da na ce ya isa, ya ce a'a, in ƙara cewa ba ta son a tunkare ta ta hagu.

Na ce, "Baffa, wannan saniya ce ko amarya?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗiyata, da tawa ce da na dangana. Naggen haɓɓanaye ce."

Na san al'adar ko da ni ɗiyar manomi ce. In shanun mutum suka ƙare, abokinsa yakan ɗaure masa saniya guda ya riƙa. Ta haihu a hannunsa har sau uku, ƴaƴan nasa ne, sa'annan ya mayar da uwar. Ya ce wata muguwar shekara ta share masa garke, wani amininsa tun na ƙuruciya ya ɗaure masa wannan. Haihuwarta ta fari ke nan. Ruwan nan da ya ƙona mana modil shi ya cika korama ya tafi da maraƙin. Da safe suka tsinci gawarsa a gindin wata goriba. Uwar ta wuni tana kuka, kafin gari ya sake wayewa ta tsinke igiya ta bi duniya. Ya ce in ta salwanta, bai san da wace fuska zai ƙara zama a tabarma ɗaya da amininsa ba.

Sai a lokacin na gaya masa gaskiya, rediyo ba ya magana. Ya dubi anteni can bisa dutsi, ya dube ni, ya ce zai jira. Na ce jiran na iya kai wata uku. Ya ce to. Ya nemi gindin itacen bedin da ke tsakar gidan ya zauna. Dare ya yi ya tafi masallacin unguwa, da safe na tarar da shi a wurin jiya. Bai roƙe ni ba, bai tambaye ni ba, kallona kawai yake yi in na fita, ya kalle ni in na shiga. Na zare modil na mayar ya fi sau ashirin. Na hura masa iska, na kashe akwatin na kunna, na yi masa addu'a, na zage shi. Ja dai.

Ranar jajibirin kasuwa na zo da raina a ɓace. Ina shiga gidan wani wari ya buge ni, tun jiya nake jin alamarsa amma yau ya cika wurin. Na zagaya ina neman mushen ɓera, sai hancina ya kai ni ga jakar dattijon. Nan fa halin nawa ya motsa.

"Haba Baffa! Ga abin da ke damunmu, kai kuma ka zo mana da mushe? Mi ke cikin jakar nan?"

Bai ji haushi ba. Ya kwance bakin jakar a hankali ya fito da wata ƴar fata ja, an shafe cikinta da gishiri an naɗe. Ya shimfiɗa ta a gwiwarsa yana shafa gashin. Fatar maraƙin ce. Kunya ta rufe ni, na durƙusa na ce ya gafarce ni. Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce saniya in ɗanta ya mutu takan riƙe nono, ba ta sakar wa kowa. In ka kawo mata wani maraƙi ta shinshina shi ta ji ba nata ba ne, sai ta kai masa ƙaho. Shi ya sa ba a yar da fatar. A rugarsu akwai wani maraya da uwarsa ta mutu, da ƙwarya ake ba shi. Niyyarsa ya yafa wa marayan wannan fata, uwar ta shinshina ta ji ɗanta, ta sakar masa nono. Kafin ya kai ga yin haka ta gudu.

Ya naɗe fatar, sa'annan ya ce, "Ke kuma mi ya samu rediyon naku? Kwana biyu ina ganin kina faɗa da akwati."

Don in rage kunyata na ja shi har cikin ɗaki. Ya tuɓe takalmi a ƙofa kamar zai shiga masallaci. Na nuna masa akwatin, na nuna masa sabon modil, na gaya masa abin da malamina ya ce, da sunan da ke ɓoye a ciki, da yadda akwatin ke ƙin bare. Na zaci ba zai gane ba. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon jar fitilar.

"Wanga lahiya tai lau?"

"Lau, Baffa."

"Ta shinshina ta ji ba nata ba ne."

"Haka ne."

"To ina fatar wanda ya mutu?"

Nan take na gane inda ya dosa. Na ɗauki waya na kira malamina, na ce shin ƙwayar da ke ɗauke da sunan, ba a iya cire ta daga mataccen a dasa wa sabon? Sai ya ce, "Wa ya gaya miki wannan?" Na ce wani mai shanu. Ya ce ana yi. Masu kayan aiki da ƴar na'ura suke kwafe sunan, shi ba shi da ita, amma dashen ma yana yiwuwa in wutar ba ta taɓa ƙwayar ba, in ginin cikin biyun iri ɗaya ne, in kuma an sami mai hannun da ba ya rawa. Ya ce garantin akwatin ya ƙare tuntuni, babu abin da za mu rasa sai sabon modil ɗin. Daga nan ya ce, "Tsohon yana hannunki dai ko?"

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na ajiye wayar na gaya wa dattijon abin da na aikata kwana huɗu da suka wuce. A nan na fara ganin haƙoransa. Ya ce in je in tsaya daidai inda na tsaya ranar. Ya tambaye ni da wane hannu na jefa. Na ce dama. Ya ce, "Fushin ya kai ina?" Na ce ya kai maƙura. Ya ce to nesa ya faɗi.

Muka zagaya bayan katanga. Hatsi ya fi ni tsawo, ya fara fitar da kai. Na kutsa, na waiwaya na ga dattijon ya tsaya cak a kan iyaka. Ya ce Bafillace ba ya shiga gonar mutum da damina sai mai ita ya sani, ko da allura ya yar. Dole na je na kira maƙwabcin namu. Ya zo yana gyara hula, ya ji bayani, ya ce, "Yau ga Bafillace yana neman izinin shiga hatsi, ba shanu a bayansa. Shiga, Ardo, wannan rana sai a rubuta ta." Dattijon ya shiga yana raba karan da sandarsa. Ni ƙasa nake duba, shi sama yake duba. Can ya nuna mini wani ganye da ya tsage a tsakiya, bakin tsagar ya bushe. Ya yi taku uku gaba, ya tona rairayi da yatsan ƙafa. Ga shi nan, rabinsa a binne, ruwa ya doke shi sau biyu.

Mai gyaran waya na bakin tasha muka nufa. Ba'are ne daga wajen Dogon Dutsi, ya yi shekaru a Kwatano yana wannan sana'a kafin ya zauna a garinmu. Arawa da Fulani kuwa abokan wasa ne. Yana hango mu ya ɗaga murya, "Madam, ina kika samo mini bawana? Ko ya zo in sa wa saniya kati?" Dattijon ya ce, "Ubangidanka ya zo duba ko ka iya aikin da ka tsere wa noma dominsa." Suka yi ta yi har na ce don Allah su bari, rana tana tafiya. Da na yi bayani sai dariyar mai gyaran ta ɗauke. Ya ce bai taɓa buɗe irin wannan ba. Ya juya su a hannu, ya ce a ba shi wuri.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar nan ba. Ya ɓanɓare murfin mataccen da bakin reza, ya busar da cikinsa, ya jawo gilashin ƙara girma ya ce mu leƙa. Subhanallahi! Gari ne guda a ciki, da hanyoyi na zinariya da ƴan ɗakuna a jere, duk a wurin da bai fi farcena biyu ba. Gefe ɗaya ya yi baƙi inda wutar ta ci. A ɗaya gefen ya nuna mana wata ƴar baƙar aba mai ƙafafu takwas, ya ce yana kyautata zaton ita ce. Dattijon ya leƙa ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Kaska ce." Mai gyaran ya buɗe sabon, muka ga irin kaskar a zaune a wuri iri ɗaya. Ya ce alhamdu lillahi, dangi ne.

Ya kunna abin hura iska mai zafi. Ya riƙe ɗan hantsaki, ya daina numfashi, mu ma muka daina. Dalmar da ke ƙafafun ta yi ƙyalli, ya ɗaga ƙwayar mataccen ya ajiye a kan farar takarda. Ya cire ta sabon ya ajiye nesa da ita, ya ce in sa ido kada su cakuɗe, don ba mai iya rarrabe su. Wata mota ta wuce ta girgiza rumfar. Ya jira ƙura ta kwanta, ya ɗora ta mataccen a gurbin sabon, ya daidaita ƙafa takwas a kan ɗigo takwas. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, dattijon ya cire malfarsa ya tare don kada ya faɗa a kan aikin. Da ya gama ya mayar da murfi ya miƙo mini, ya ce, "Ni dai na yafa masa. Saura uwar."

Ban san yadda na isa gidan rediyo ba. Daraktanmu da mai karanta Zabarmanci da gardi mai tsaron ƙofa duk suka cika ɗakin. Na yi bismilla na cusa, na soka zaren. Fitilar ta kama ja. Ta ƙyafta sau ɗaya, sau biyu, sai ta juye koriya. A tsakar gida ƙaramar rediyon gardi da ta kwana biyar tana shuu ta yi tsit, sai ga kiɗan buɗe tasha ya fito tar. Gardi ya yi kabbara. Ni kuka na fashe da shi, ban ɓoye ba. A fuskar ordinatar akwatin ya rubuta sunan kamfaninsa da lambar mataccen, yana maraba da ɗansa.

Kafin sanarwar rasuwa, kafin komai, cigiyar na fara karantawa. Na karanta ta duka, har da ƙafar da take ja da gefen da ba ta son a tunkara. Aka maimaita da Zabarmanci. Muka zaunar da dattijon a gaban mikro ya faɗa da Fillanci, yana riƙe da sandarsa da hannu biyu. Sau biyar muka sa ta kafin magariba.

Da sassafe ranar kasuwa waya ta shigo daga wani ƙauye kafin a kai Bonkuku. Wani manomi ya kama jar saniya a gonarsa kwana biyu da suka wuce, tana ɗaure a ƙofar mai gari. Amma mai kiran ya ce mu yi sauri, don wani ya riga ya zo ya ce tasa ce. Darakta ya ce in ɗauki na'urar ɗaukar murya in bi dattijon. Muka shiga motar da ta sauke ƴan kasuwa za ta koma.

Muka tarar da taro a gindin wata aduwa. Ga saniyar a ɗaure, ta rame, hantsarta ta kumbura tana sheƙi, ba wanda ta bari ya matso. Ga kuma wani mutum da wankakkiyar riga da igiya sabuwa a hannu, motar ɗaukar dabbobi tana jiransa a bakin hanya. Mai gari ya ce kowa ya faɗi shaidarsa. Mutumin ya juya wa saniyar baya don a ga ba kallonta yake ba, ya fara zubawa. Ƙahon hagu ya sunkuya, kunnen dama a tsage sau biyu, farin tabo a ƙirji, tabon ƙaya a cinya. Har da ba ta son a tunkare ta ta hagu. A jere yake faɗa, yadda na karanta jiya, ko kalma bai canza ba. Jinina ya tafasa. Da bakina na ba ɓarawo shaida! Na yunƙura zan yi magana, dattijon ya ɗaga mini hannu.

Mai gari ya ce, "Kai kuma fa, Ardo? Ya faɗi duka."

Dattijon ya duba inda iska ke fitowa, ya zagaya ya tsaya a can, nesa da saniyar kamar taku ashirin. Ya kwance jaka ya fito da fatar, ya warware ta ya riƙe a gabansa. Saniyar tana sunkuye. Sai ta ɗaga kai. Hancinta ya buɗe. Ta yi wani kuka daga can cikin ciki, irin wanda ban taɓa ji ba kuma ba na fatan in ƙara ji, ta fizgi igiya har aduwar ta girgiza. Mai gari ya ce a kwance ta. Ta taho tana jan ƙafar dama, ta sa hanci a fatar, ta fara lasa. Tana lasa tana gunji a hankali, nono yana ɗiga daga hantsarta yana jiƙa rairayi, ba wanda ya taɓa ta. Wata tsohuwa ta ce Allahu akbar tana share ido da bakin zane. Da muka waiwaya, mai sabuwar igiya ya kai bakin hanya.

Manomin da ta yi wa ɓarna ya ce ya yafe, abin da ya gani ya ishe shi. Dattijon ya roƙi ƙwarya, ya shimfiɗa fatar a gaban saniyar, ya tsuguna ta dama ya tatsa har ta cika, ya miƙa wa matar manomin. Ni kuwa sai a mota na tuna ban ko kunna na'urar ɗaukar muryar ba.

Bayan an yi girbi ya dawo gidan rediyo da man shanu a kwalba biyu, ɗaya tawa, ɗaya ya ce in kai wa bawansa na bakin tasha. Na tambaye shi marayan. Ya ce ya yi ƙiba har ba ya kamuwa. Na ce har yanzu da fatar yake yawo? Ya yi dariya, ya ce ai ba a daɗewa. Kwana kaɗan in ya sha nononta, ta lashe shi ta ko'ina, sai a fara yanke fatar kaɗan kaɗan har a cire duka. Yanzu ta san ba wanda ta haifa ba ne, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya ga ƙaho.

Ya tuɓe takalmi ya leƙa ɗakin, ya ga fitila koriya tana ƙyaftawa. Ya ce, "Naku fa? Kun cire mishi?"

Na ce, "Ba a cirewa, Baffa. Ranar da aka cire, ranar zai kore shi."

"Duk aikin da ya yi mata?"

"Ko shekara goma ya yi."

Ya daɗe yana kallon akwatin. Na zaci tsiya zai yi masa, sai na ga tausayi a fuskarsa. Ya ce, "Allah sarki. Wagga ba ita ta ƙi ba, ɗiyata. Hana ta aka yi."

Ya sa takalminsa ya tafi, ban ƙara ganinsa ba. Modil ɗin yana nan yana aiki. Ƙwayarsa ta asali, mai ɗauke da sunansa na gaskiya, na naɗe ta a takarda na ajiye a aljihun tebur, na kasa yar da ita. Kullum da safe in na kunna ordinatar, lambar mataccen ce ke fitowa, shi kuma baƙon ya ɗauki muryata ya hau da ita dutsi.